Ƙarar da Aka Ce Kada a Gyara

A tsakiyar kowane faifan garmaho akwai 'yar kewayayyiyar takarda da ake mannawa domin a rubuta sunan mawaƙi da jerin waƙoƙi da lambar kamfani. A kan takardar faifan Live at Leeds, wanda ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila mai suna The Who ta fitar a watan Mayun 1970, akwai wani saƙo cikin rubutun hannu da ba a saba gani ba. An yi shi ne domin injiniyan da zai yanka faifan, ana shaida masa cewa ƙarar ƙas-ƙas da zai ji a cikin sautin ba matsala ba ce, kada ya gyara ta. Ƙarar kuwa ta samo asali ne daga wayar jitar bes ta John Entwistle, wadda ta riƙa gardama a daren da aka ɗauki wasan. Bayan shekara 25, da aka sake fitar da kiɗan a faifan CD a 1995, sai aka sauya wancan rubutu da wani mai cewa an gyara ƙarar. Masu tara faya-fayai sun fi shekara ashirin suna cacar baki a kan wanne bugu ya fi, kuma a ganina yawancin gardamar tana tsakanin waɗannan jimloli biyu ne.

Yadda aka yi faifan ya samu yana da ban dariya da ban takaici. A 1969 ƙungiyar ta zagaya Amurka tana wasa, mai kula mata da sauti, Bob Pridden, yana naɗar wasannin a tef. Da suka koma gida, sai Pete Townshend, makaɗin jita kuma marubucin yawancin waƙoƙinsu, ya ga ba zai iya zama ya saurari wannan tulin tef ba, ya ce a ƙona su domin kada su faɗa hannun ɓarayin fasaha, abin da ya zo yana nadama daga baya. Maimakon haka aka shirya wasanni biyu musamman domin ɗauka, ɗaya a zauren cin abincin ɗalibai na Jami'ar Lids ranar 14 ga Fabrairun 1970, ɗayan a birnin Hul washegari. A Lids, mutum huɗu ne a kan dandamali, wato Townshend da Entwistle da mawaƙi Roger Daltrey da makaɗin ganguna Keith Moon, a gaban 'yan kallo kimanin 2,000. Sun fi awa biyu suna kiɗa, sun yi waƙoƙi 33, ciki har da kusan dukkan doguwar waƙar labarinsu mai suna Tommy, wadda ita ce ta ɗaukaka sunansu a shekarar da ta gabata. Amma da faifan ya fito, waƙoƙi shida kacal aka samu a ciki, waɗanda jimillarsu ba ta kai minti 40 ba. Uku daga cikinsu ma waƙoƙin wasu ne suka maimaita, gefe na biyu kuwa waƙoƙi biyu ne suka cinye shi, ɗaya ta kusa minti 15.

Bangon faifan kwali ne ruwan ƙasa, ba hoto ba ado, sai suna da aka buga kamar da hatimin ofis, domin ya yi kama da faya-fayan satar fasaha da suka fara cika kasuwa a wancan lokaci. A ciki an zuba kwafin takardu 12, har da yarjejeniyar wasan da suka yi a babban bikin kiɗa na Woodstock a Amurka da wasiƙar da kamfanin EMI ya taɓa rubuta musu yana ƙin ɗaukarsu. An kwaikwayi takardun sosai, ta yadda har yau ana samun wanda zai tsinci ɗaya a akwatin mahaifinsa ya ɗauka ya ci karo da dukiya. A Birtaniya kamfanin Track ne ya buga shi da lamba 2406 001, a Amurka kuma kamfanin Decca da lamba DL 79175, kuma hatimin bangon bugun Birtaniya ya zo da launi daban-daban, akwai baƙi da shuɗi da ja, kowanne da farashinsa a wajen masu tarawa.

Ra'ayina shi ne, tambayar da ake yawan yi, wato wanne ne bugun gaskiya, tambaya ce da ta haɗa abubuwa biyu mabambanta. Faifan 1970 aiki ne na zaɓe da tankaɗe da rairaya, wanda mutum ɗaya ya zauna ya yanke shawarar abin da zai shiga da abin da zai fita. Faya-fayan da suka biyo baya kuwa ƙoƙari ne na adana abin da ya faru a wancan dare gaba ɗayansa. Kowanne yana da hurumin da ya dace da shi. Inda nake da ƙorafi shi ne idan sabon bugu ya sanya rigar tsohon, ya ɗauki sunansa da kwalinsa da hatiminsa, sannan ya ƙi gaya wa mai saye abin da aka taɓa da abin da aka bari.

Wanda bai san yadda ake yin faifai ba zai yi mamakin a ce bugu biyu na kiɗa ɗaya suna da bambancin sauti. Ana farawa ne da uwar tef, wadda aka haɗa sautin a kanta. Injiniya zai kunna ta, ya tura sautin zuwa injin yanka, wanda ke da wata allura mai kaifi da ke sassaƙa siririn kwarmi a kan faranti mai laushin fuska. A nan ne hannun injiniya da kunnensa ke shiga, domin shi ke yanke hukuncin yawan ƙarfin sauti, da yawan kaurin bes da kwarmin zai iya ɗauka ba tare da allurar mai sauraro ta yi tsalle ba. Daga wannan faranti ake fitar da mazubi na ƙarfe mataki-mataki, har a kai ga wanda za a ɗaura a injin matsa roba. Mazubin nan yana gajiya, domin bayan ya matsa faifai masu yawa sai bakinsa ya fara dakushewa a sauya wani. Saboda haka faifai biyu masu bango ɗaya da shekara ɗaya suna iya fitowa daga mazubi daban, ko masana'anta daban, ko ma ƙasa daban. A wancan zamani kuma an saba aika kwafin tef zuwa ƙasashen waje maimakon uwar, kowane kwafi kuwa yana rage wani abu daga tsabtar sauti. Duk wanda ya taɓa sayen kaset ɗin Shata da aka kwafa daga kwafin kwafi, har kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin rijiya, ya san abin da nake nufi, sai dai a nan bambancin bai kai haka muni ba.

Shi ya sa za ka ga mai tara faifai ya shiga kanti, ya zaro faifan daga kwali, ya karkata shi wajen haske yana ƙura wa santsin da ke kusa da takardar tsakiya ido. A wannan fili da babu kiɗa ake karce lambobin yanka da na mazubi, wani lokaci har da alamar injiniyan. Su ne ke gaya masa ko abin da ke hannunsa daga yankan farko ya fito ko na biyar.

Na fara fahimtar wannan al'amari ne a gidan wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya je Ingila karatu tun a shekarun 1970 ya zauna a arewacin ƙasar. Yana da bugu uku na wannan kiɗa, wato na Track, da na Decca, da kuma sabon nan mai faifai uku da aka yanka a situdiyon Abbey Road na Landan aka fitar a 2016. Wata ranar Lahadi da sanyi ya hana fita, ya zaunar da ni a tsakanin lasifika biyu, ya goge faifan farko da burushi mai laushi, ya sauke allura. Bugun Track ya zo da ƙarfi kamar an banko ƙofa. Jita tana gefe ɗaya tana karta, bes tana ɗaya gefen tana gurnani, ganguna a tsakiya kamar ana zazzage buhun duwatsu, ƙarar wayar nan kuma tana nan tana ƙas-ƙas lokaci-lokaci, ta gauraya da 'yar ƙarar tsufan faifan har ba ka iya rarrabe su. Na Decca bai yi nisa da shi ba, sai dai kunnena ya ji kamar an ɗan ja labule tsakanina da dandamalin. Da ya ɗora na 2016 sai na ji fili ya buɗe, komai ya fito fes, ina jin barkwancin da suke yi tsakanin waƙoƙi, ina jin dariyar ɗalibai daga nesa.

Na ce masa, "Baba, ai wannan na ƙarshen ya fi su duka tsabta."

Ya ce, "Ɗana, ya fi su tsabta, ban musa ba. Amma dubi agogo. Wancan na farko ka saurare shi a tsaye, wannan kuwa tun ɗazu ka jingina da kujera."

Gaskiyarsa ce. Faifan 1970 ba ya ba ka damar hutawa, domin an cire duk wani abu da zai sassauta shi. Yana farawa da duka ya ƙare da duka, kafin ka farga an gama. Cikakken wasan kuwa yana da hawa da sauka, yana da wuraren da makaɗan ke jan numfashi, da wuraren da murya ke gajiya, da doguwar tafiyar Tommy a tsakiya. Wanda ke son sanin yadda The Who take a kan dandamali a 1970, cikakken wasan zai nema. Wanda ke son sanin dalilin da ya sa ake sanya wannan faifai a sahun farko idan ana lissafin kiɗan rok da aka ɗauka a gaban jama'a, sai ya koma ga waƙoƙi shidan nan, domin su ne suka yi wannan suna, su ne suka kai mataki na 3 a jadawalin Birtaniya da na 4 a na Amurka.

Bugun 1995 shi ne ya buɗe ƙofar ƙari. Jon Astley, wanda suruki ne ga Townshend a lokacin, da Andy Macpherson suka koma ga tef ɗin asali suka sake haɗa sautin, aka ƙara waƙoƙi suka zama 14, aka dawo da maganganun tsakanin waƙoƙi, aka share ƙarar waya. Mutane da yawa sun fi son wannan bugu, kuma ban ga laifinsu ba, domin ya tsaya a tsakiya, bai gajarta ba bai kuma gajiyar ba. Ya kuma yi abin da nake nema, wato ya faɗa a fili cewa an gyara ƙarar. A 2001 aka fitar da mai CD biyu wanda ya kawo Tommy, amma aka cire ta daga inda take a tsakiyar wasan aka mayar da ita faifai na biyu ita kaɗai. Wannan a wurina gyaran gangar Auzinawa ne. Idan hujjar sabon bugu ita ce zai ba ka daren yadda ya gudana, to da wane dalili za a sake jera daren? Sai a bugun roba na 2016 mai sauraron garmaho ya samu wasan a jere yadda aka yi shi.

Labarin Hul ya fi kowanne nuna inda matsalar take. An daɗe ana cewa wasan Hul bai ɗauku ba, saboda sautin bes bai shiga tef ba. Da aka sake bincika tef ɗin domin babban akwatin cika shekara 40 da aka fitar a 2010, sai aka tarar waƙoƙin farko ne kawai ba su da bes, sauran lafiya lau. Entwistle ya rasu tun 2002, balle a ce ya zo ya sake kaɗawa. Sai aka ɗauko bes ɗin da ya kaɗa a Lids, aka daidaita shi da kwamfuta, aka liƙa a kan waƙoƙin Hul. Ka ga ke nan mai sauraro yana jin mutum uku a ranar 15 ga wata, na huɗunsu a ranar 14. Ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, saboda an bayyana shi, kuma in ba don haka ba da waɗannan waƙoƙi sun zauna a ajiye har abada. Amma ya kamata a lura cewa da ba a faɗa ba, da kunnuwa kaɗan ne za su gane, kuma wannan shi ne abin tsoron.

Masu tsattsauran ra'ayin bugun farko ma ina da magana da su. Suna yin kamar faifan 1970 hoton daren ne da babu hannun kowa a ciki, alhali an datse sassa daga wasu waƙoƙinsa, kamar yadda duk wanda ya gwada tsawonsu da na bugun baya zai gani. Townshend ya bar ƙarar waya, amma almakashinsa ya yi aiki a wasu wurare. Ban da haka, faifan da ya shekara 50 yana yawo daga hannu zuwa hannu ba shi ne wanda ya fito daga masana'anta ba. Faifan rok ne, matasa suka saye shi, suka kunna shi a wuraren shagali da allura mai nauyi wadda ta ci kwarmin, musamman can kusa da tsakiya inda dama sauti ke ƙuntata saboda zagayen ya ƙanƙance. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba wadda ƙuda ya gama da ita ba. Sannan tsadar da ake yi wa wasu kwafi ba ta sauti ba ce, ta launin hatimi ce da cikar takardun nan 12. Wannan sha'awa ce ta tara kayan tarihi, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma bai kamata a sayar wa sabon shiga ita da sunan ingancin sauti ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, kasuwar sabon bugu cike take da kalmomin jan hankali. Tun da faifan roba ya farfaɗo, har ta kai a 2022 an sayar da shi fiye da CD a Amurka karon farko tun 1987, kamfanoni sun gano cewa ajiyar da ke ɗakunansu kuɗi ce. Za ka ga an manna takarda a bango ana alfahari da nauyin giram 180. Nauyi yana sa faifai ya yi daɗin riƙewa, yana iya taimaka masa ya zauna daram, amma zurfin kwarmi da abin da ke cikinsa tun a wajen yanka aka gama su, kaurin roba ba ya ƙara musu komai. Za ka ga an rubuta yankan rabin gudu, wato an kunna sautin da injin yanka duka a rabin saurinsu na zagaye 33 da sulusi a minti, domin allurar yanka ta samu sukunin sassaƙa siraran sautuka. Dabara ce ta gaske kuma tana da amfani, amma ba ta gaya maka daga ina sautin ya fito ba, ko daga uwar tef ne, ko daga kwafi, ko daga fayil ɗin kwamfuta. Na taɓa sayen sabon bugun wani faifai na wata ƙungiya daban, mai nauyi da ƙyalli da tsada, na kai gida na tarar ramin tsakiya ya kauce, allura tana lilo hagu da dama, sautin piyano yana rawa kamar mai zazzaɓi. Kyan ɗan maciji ne kawai.

Abin da ya faru a 2022 da kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya isa misali. Kamfani ne da ya yi suna wajen sake buga tsofaffin faya-fayai da tsada, masu saye kuma sun yi imani cewa kai tsaye daga uwar tef ake yankawa. Sai wani mai kantin faifai a birnin Finiks ya tayar da magana, injiniyoyin kamfanin suka amsa cewa sun daɗe suna fara juya sautin zuwa fayil ɗin kwamfuta kafin yanka. Aka kai ƙara, kamfanin ya amince da sasantawar da aka ƙiyasta darajarta a kan kimanin dala miliyan 25. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutanen da suka yi shekaru suna rantsuwa cewa kunnensu na gane sautin kwamfuta daga nesa, su ne suka riƙa yabon waɗannan faya-fayai. Wasu sun ɗauki wannan hujjar cewa duk zancen banza ne, tunda ba a ji bambanci ba. Ni kuwa na ɗauke shi hujjar akasin haka, domin idan kunne ba zai iya kare mai saye ba, to ba abin da ya rage masa sai rubutun da ke bango, kuma idan rubutun ya yi shiru ya zama cinikin biri a sama. Juya tsohon tef zuwa kwamfuta ba aibi ba ne, sau da yawa ma dole ne, saboda tef yana lalacewa duk lokacin da aka kunna shi, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008 kuma ta nuna cewa uwar tef tana iya ɓacewa a dare ɗaya. Abin da ake nema kawai a faɗa.

Abin da nake so daga duk mai sake buga irin wannan faifai bai taka kara ya karya ba. Ya rubuta a bango daga wane tushe aka yanka, wa ya yanka, a ina aka matsa, an sake haɗa sautin ko na asali ne, me aka share, me aka liƙa. Sannan ya bar siffar farko a kasuwa kusa da sabuwar, domin yaron da ya fara jin sunan Live at Leeds a yau, idan ya nema a intanet, akasari bugun da aka faɗaɗa zai fara cin karo da shi, ya wuce bai san cewa faifan da ya girgiza mutane a 1970 minti talatin da 'yan kai ne ba. Akwatin 2010 ya yi daidai a nan, tunda ya haɗa da faifan roba mai waƙoƙi shidan a cikinsa, sai dai tsadarsa ta sa ba kowa ya kai gare shi ba.

Da dattijon nan zai bar Ingila ya koma gida, ya ce in zaɓi ɗaya daga cikin ukun. Na daɗe ina jujjuya su a kan tebur. Na 2016 sabo ne fil, ba ko ƙwarzane, kuma shi kunnena ya fi yaba wa a ranar. Na Track kuwa kwalinsa ya tsage a kusurwa, takardun cikinsa saura bakwai, wani ya taɓa ajiye kofin shayi a kan bangon ya bar zobe. Shi na ɗauka. Na 2016 na saye shi da kuɗina bayan wata biyu, kuma shi na fi kunnawa idan ina da awa biyu a hannu.